Katifar da Ake Hurawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, sai dai an tashe mu, ni da abokan aikina, daga ɗakin da muke haya. Yanzu a tanti muke kwana, muna bin gonaki aikin girbi. Na sayi katifar da ake hurawa da baki. Marar nauyi na zaɓa, tunda a bayana zan riƙa ɗaukarta. Sanyin ƙasa na ratsa ta har haƙarƙarina, amma da hanau gara mannau.

Mai shagon ya ɗauka yawon shaƙatawa zan je. Yana murmushi ya ce, "Kwana nawa za ka yi kafin ka koma gida?"

Yaya, kuɗinsa kawai na miƙa masa, na ɗauki katifata na fito.

Ki ce wa Inna na sayi sabuwar katifa. Ai ba ƙarya ba ce.

A sa ni a addu'a.

Ƙaninki.