Kwalba Ɗaya Na Sayo

Asabar, 4 ga Oktoba, 1986

Na je sentral, ofishin waya, na kira 'yata Mardiya a Zariya. Layin ba kyau. Ta tambayi kakarta, na ce lafiya lau. Ta tambaye ni, na ce lafiya lau. Sai ta koma muryarta ta aiki, ta nas, ta ce akwai allurar rigakafin mura mai tsanani da ake yi wa tsofaffi a ƙasashen sanyi. Su a asibitinsu ba su da ita, amma ta ji ana samu a nan Alƙahira. In nema wa Inna tun sanyi bai shigo ba.

"Baba, wannan ɗaya kawai za ka yi mini."

Na ce to. Ba ta ambaci mahaifiyarta ba, ni ma ban ambata ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Gidan rediyo. Na fassara labarai daga Larabci, na karanta. Wani a sashen ya ce muryata ta yi kyau yau. Ban tuna ko ɗaya daga abin da na karanta ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Tun rasuwar matata Shafa'atu a Fabrairu, ga yadda muke zaune a gidan nan na unguwar Darrasa, ni da mahaifiyarta. Da safe in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. In ajiye cefane a ƙofar kicin. Da yamma in tarar da abinci a rufe a kan tebur, in ci abin da zan iya, in rufe. Shi ke nan.

Ba faɗa muka yi ba. Suruka ce. Tun ina saurayi ban taɓa haɗa ido da ita ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ta zo aikin ido shekaru biyu da suka wuce ta zauna da mu, Shafa'atu ce ke kai magana tsakaninmu. Inna ta ce, Malam ya ce. Yanzu babu mai kai wa.

Bayan arba'in na ce zan mayar da ita gida Zariya. Ta aiko matar maƙwabci ta faɗa mini ba inda za ta je, 'yarta tana kwance a maƙabartar bayan unguwa. Ban sake tayar da maganar ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je wurin Dakta Munir, wanda ya duba Shafa'atu da farko. Ya tashi ya rungume ni, na tsaya har ya gama.

Ya ce eh, akwai allurar, kuma irin su Inna ne ya fi so a yi wa, waɗanda suka haura sittin da biyar da masu ciwon ƙirji ko zuciya. Lokacinta yanzu ne, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, domin sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara aiki. Wanda ya jira sai Janairu da kowa ke tari, ya makara. Ba a yi wa mai zazzaɓi, sai ya warware. Ya tambaya ko ƙwai yana yi mata illa. Na ce ina ganin ɓawon ƙwai a shara.

Shi ba ya ajiyewa. Daga waje ake kawo ta, kaɗan, kantunan magani 'yan kaɗan a Wustul Balad, tsakiyar birni, ne ke samu. In na samu in kawo a cikin sanyi, shi zai yi.

Da zan fita ya ce, ya Ustaz Rabi'u, ba ta hana kowace mura, kada in zaci da an yi wa marigayiya lallai da ta tashi. Ban tambaye shi wannan ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Wustul Balad bayan aiki. Sun haƙe dandalin gaba ɗaya saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke ginawa, sai zagaye ta kan katako. Kantin farko ba su taɓa jin ta ba. Na biyu ya miƙo mini maganin tari. Na uku ya ce ma'alish, bukra, wato in yi haƙuri sai gobe.

Litinin, 13 ga Oktoba

Bukra ma babu.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na haɗu da Iliya na ofishin jakadancinmu a bakin titi, yana jiran mota. Shi ne ya yi ta kai-komo da takardu lokacin jana'iza, har maƙabarta ya raka mu ya tsaya can gefe da hularsa a hannu. Na faɗa masa abin da nake nema don kada mu tsaya shiru. Ashe ya sani. Akwai wani tsohon kantin magani kusa da kasuwar fitilu, mai ƙofar katako, can matar wani babbansu ke saya wa mahaifinta. Ya ce in tafi da fulas da ƙanƙara.

Ya ce na rame. Kowa haka yake cewa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na samu. 'Yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba. Mai kantin, tsoho mai tabarau a wuya, ya ciro ta daga firji, ya naɗe a leda ya tura cikin fulas da kansa. Ya ce kada ta daskare, kada ta yi zafi.

Fulas ɗin shayin Shafa'atu ne. Shi kaɗai ne a gidan.

Na kai wa Dakta Munir ya sa a firjinsa, ya ba mu Talata.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Dole na yi wa Inna bayani da kaina. Bayan gaisuwa ban tashi ba. Na ce Mardiya ce ta ce, likita ma ya ce. Na yi magana da labule. Har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Allah ya kai mu."

Talata, 21 ga Oktoba

Ba mu je ba. Inna ta tashi da jiki da zafi-zafi, matar maƙwabci ce ta taɓa ta ta faɗa mini. Na kira dakta daga wayar mai shago, ya ce a bari ta warware, a ba ta ruwa sosai, in numfashi ya canza in kawo ta nan take.

Haka na Shafa'atu ya fara. Ciwon kai, jiki da zafi, ta ce mura ce kawai, tana ta wanke-wanke. Kafin mako ya cika ya sauka ƙirji.

Na zauna a falo duk yamma ina jin numfashin Inna ta bango. Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Sauraro kawai nake yi, kamar yadda nake sauraron tashar waje a wurin aiki.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Zazzaɓin ya sauka. Na ji ta tana kankare tukunya.

Litinin, 27 ga Oktoba

Mun je. A tasi na zauna gaba, ita baya. Hawa benen likitan ya ɗauke ta lokaci, ina gaba da mataki biyu, ban juyo ba, ina jin sandarta.

Ba ta jin Larabci, shi ba ya jin Hausa, don haka na tsaya tsakani ina kallon kalandar bango. Ya auna ta, ya ce tamam, lafiya lau. Ya ciro kwalbar. Ta ce in tambaye shi guda nawa ne. Na tambaya. Ɗaya.

Ta ja mayafinta ta rufe hannun da ta riga ta buɗe.

"Na baban Mardiya fa?"

Na ce mata ni ban kai shekarun ba, saura biyu. Ba ta kalle ni ba, likitan take kallo.

"Gaya masa. Gaya masa mutumin nan yana tari kullum da asuba tun bara. Abinci sai ya taɓa ya rufe. Gaya masa na binne 'ya, ba zan zauna a garin da ban san yarensa ba in binne mijinta. In shi ya riga ni, wa zai kai ni kusa da ita?"

Aikina ke nan shekara da shekaru, a ba ni magana in mayar da ita wani harshe. Na ce wa dakta, tana cewa ina ɗan tari. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce hajja ta faɗi fiye da haka. Sai na fassara sauran. Duka. Da muryar labarai na yi.

Ya sa na cire riga ya saurari ƙirjina. Inna ta juya fuska bango. Ya ce da wannan ƙirjin da tabar da na sha a da, ai ni ma ina cikin waɗanda yake nufi, shekaru ba su kaɗai ba ne. Ya lallashe ta ta karɓi tata yau, ni in kawo tawa daga baya. Ta ce a'a. Rana ɗaya, ko babu.

Ya mayar da kwalbar firji.



Laraba, 29 ga Oktoba

Gaskiya ban ƙi ba. Da na tsaya gaban mai kantin ranar nan, bai zo mini a rai ba cewa mu biyu ne a gidan. Ɗaya na ce, ɗaya ya ba ni.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na koma kantin. Sun ƙare. Ya ce akwai sauran kaya a hanya, wataƙila mako mai zuwa, wataƙila shi ke nan sai baɗi. Na ce khalas, shi ke nan. Na fito na ji kamar an sauke mini wani aiki.

Na faɗa wa labule.

Talata, 4 ga Nuwamba

Safiya ta fara sanyi. Mai gadin gidanmu yana tari a ƙasan bene, ya naɗe wuya da ƙyalle. A motar haya ma ana yi.

Da zan fita na tarar da fulas a bakin ƙofa, cike da ƙanƙara. Na tsallake shi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Fulas a bakin ƙofa. Sabuwar ƙanƙara.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Kowace Juma'a da safe matar maƙwabci ke raka ta maƙabarta. Yau matar ta kwanta da mura, 'ya'yanta ma. Na ji Inna ta shirya, ta fito falo, ta zauna da sandarta. Na sa takalmi.

Ban koma wurin ba tun ranar jana'iza. Na zaci zan manta hanya, ƙafafuna ba su manta ba. Ta zauna a ƙasa ta yi addu'arta, ta tsince busasshen ganye da hannu. Na tsaya. Na karanta abin da ake karantawa. Wani mai sayar da ruwa ya zo, na karɓa na yayyafa.

A hanyar dawowa ta yi tari sau biyu. Ƙura ce, ina jin. Na rage sauri har ta zo daidai da ni, muka yi tafiya a jere daga nan har gida. Mutane ba su san abin mamaki ba ne.

Ƙofar matar maƙwabci tana kallon tamu. Allurar Inna na can a firjin likita tun kwanaki, saboda ni.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na ɗauki fulas. Babu tukuna.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Babu. Ya ce in daina wahala, in bar lambar waya. Na ce ba ni da waya, zan dawo.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Alluran sun zo. Na nemi izini a wurin aiki, na kai wa dakta, na koma gida na ɗauko ta.

Ta ce ni za a fara yi wa. Ta kalla kuwa, ba ta juya bango ba, sai da ta ga ya zare allurar ya danna auduga. Sannan ta buɗe hannunta. Fatar kamar takarda. Ba ta ko motsa ba.

Ya ce mu zauna kaɗan kafin mu tafi. Benci ɗaya ne a wurin. Mun zauna, fulas a tsakaninmu.

Ya ce mun ɗan makara amma ba mu makara ba. Mu kiyaye mako biyun nan, mu nisanci masu tari. Na fassara mata. Ta ce to a gaya wa mai zuwa gidan rediyo a motar haya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Hannun ya kumbura kaɗan, yana ciwo in na ɗaga. Da safe ta tambaya ta bayan labule ko nawa ma yana yi. Na ce yana yi. Ta ce nata ma.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na kira Mardiya. Na ce an yi. Ta ce alhamdu lillahi, Inna ba ta ba da wahala ba? Na ce a'a. Ban faɗa mata sauran ba, Inna za ta faɗa mata in ta so.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

An yi ruwa jiya, na farko. Mai gadi ya warke, matar maƙwabci ta fara fitowa. Tarin asuba yana nan, dakta ya ba ni wani abu, ina sha in na tuna. Inna ta sa na sauko da barguna daga saman kabad ta shanya a baranda. Yanzu labulen a ɗage yake in na zo gaisuwa. Har yanzu ƙasa nake kallo.

Maganin idonta ya ƙare. Akwai shi a nan Darrasa, amma na sauka a Wustul Balad na saya a kantin mai ƙofar katako, tunda hanya ce. Ba hanya ba ce sosai.

Yana naɗe mini maganin ya ce kada in zaci an gama, ita allurar kowace shekara ake sakewa, murar tana canza kama. Na ji bakina yana tambayarsa wane wata na baɗi za su iso. Ya ce ƙarshen Satumba, in zo da wuri kafin a kwashe.

Na ce to, zan zo.

Tambaya ce kawai na yi.