Hafsa Ba Ta Je Kanal Ba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan Allah Ya kai haske kabarinki, laifina na kawo miki, don ban san wanda zan iya gaya wa ba in ba ke ba.

Kin tafi kin bar Hafsa tana rarrafe. Yanzu shekararta biyar, ga surutu irin naki. Gobe da safe ni da babanta za mu kai ta asibiti a Kura, likitan haƙori ya duba haƙorinta na ciki da ya ruɓe. Kwana uku ke nan kumatunta a kumbure.

Alewa ce ta jawo, kuma ni na saba mata da ita. Duk ranar da nake turara shinkafa sai in cusa mata a hannu don ta nisanci tukunya.

Wannan ma ƙarami ne. Kin san kanal ɗin bayan gidanmu, yadda yake cika idan an saki ruwan noman rani. Ina ƙarama kika kama hannuna zuwa bakinsa, kika jefa kara muka ga ruwa ya tafi da shi, kika ce, "Kin gani? Haka yake yi da yaro." Ni ban yi wannan haƙurin ba. Ce mata na yi duk yaron da ya je kanal wajen likita ake kai shi a fizge masa haƙora da filaya. Ta kuwa tsorata, har ina yi wa maƙwabta alfahari.

Ɗazu na zaunar da ita don in shirya ta. Na sa ta buɗe baki, na haska da fitilar waya, na ƙirga haƙoran da cokali kamar yadda likita zai yi. Ta bari na gama, sai ta riƙe zanina, hawaye fal ido, ta ce, "Umma, wallahi ban je kanal ba."

Inna, kunya ta kashe ni. Ashe haƙorin ya daɗe yana ciwo, ta ɓoye, tana tauna da gefe ɗaya, don kada a ce ta je.

Na gaya mata ƙarya na yi, na roƙi yafiyarta. Ban sani ba ko ta yarda. Bayan la'asar zan kama hannunta mu je bakin kanal, na riga na samo kara.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya ba jikarki lafiya, ni kuma Ya yafe mini.

'Yarki,
Rabi