Muryar Inna Tana Bayan Baƙin Gilashi

Yaya Abdulbaƙi,

Magana ɗaya nake so ka aiko min da gaggawa: in bari a wanke kwamfutarka, wato a share duk abin da ke cikinta, ko kar in bari? Murjanatu maƙwabciyata ce ke rubuta min. Kai, ko gaisuwa ban yi ba. Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zaman Sudan? Allah Ya ƙara maka lafiya. Mu nan Daura ƙalau, sai wannan abu.

Yaya, kwamfutar da ka bar min amana ta yi baƙi ƙirin. 'Yata Rauda ce ta iya kunna waƙoƙin fim, har ta rera ɗaya gaban surukina Malam Sharu, ya ce ba a gidansa ba. Sai na kai wa Maharazu mai gyara a bakin tasha, na ce ya cire abin kiɗan kawai. Ya ce taka irin wadda ake kira Ubuntu ce, tana da mai kula da kaya sunansa apt, shi ke shigo da komai, shi ke fitarwa. Rubutu ya zubo da yawa, ya ce tambaya take, e ko a'a. Na ce e. Shi ma bai karanta ba! Ashe abin kiɗan yana da dangi, apt ya kwashe su duka ya fita da su. Innalillahi! Hotunan Inna da muryarta da ka ɗauka kafin ta rasu, duk suna ciki, babu su ko'ina sai cikinta.

Abin da ya ƙara gigita ni, mutane suka taru suna musu a kaina. Wani Jibril, ɗan makaranta daga Sandamu, ya ce da irin wadda ake kira Fedora ce, nata mai kular, dnf, yana tuna duk abin da ya fitar, ka ce ya mayar ya mayar. Wai a wanke a zuba ta. Na ce to in an zuba Fedorar, Inna za ta dawo? Dabo mai shagon kusa ya ce su biyun shirme ne, nasa mai kular, pacman, ƙi yake yi ya cire abu in wani na jingine da shi, sai ka tilasta masa. Maharazu ya ce ai apt ma ya tambaya. Suna ta dariya kamar masu musun ƙwallo, ni ina tsaye da goyo ina hawaye.

Dabo dai ya ce min kayan na nan, ƙofar ce ta rushe, kar in bar kowa ya taɓa. Maharazu kuma ya ce in ba a wanke ba, shi ba ya iyawa. Wa zan yarda da shi? Na naɗe ta da zane na sa ƙarƙashin gado.

Ka gaida Sada abokin ɗakinku. Rauda na gaishe ka, ba ta san abin da ta jawo ba.

Na gaya wa maigidana, na gaya wa Yaya Shatu, ta yi ta salati. Baba ne kawai ban gaya wa ba. Ka san duk Juma'a in ya sauko masallaci nan yake biyowa, ya zauna a tabarma, ya ce in kunna masa muryar Inna.

Ƙanwarka,
Zinariya