Shuɗin da Ba Ya Son Iska

Sendai, 9 ga Disamba

Kaka,

Ina gaishe ki. Ya gwiwar? Ya tarin Baba? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, na kusa sabawa.

Jikarki ta sha kunya a ɗakin gwaji. Farfesa Onodera ya tambayi launin da zai fito in an zuba wani sinadari, ferisayanaid, a ruwan da aka narkar da ƙarfe a ciki. Na ce shuɗi, na kuwa canka. Amma ke kika koya mini sai zane ya sha iska shuni yake kamawa, shi ne na bar kwalbar ruwan ƙarfena buɗe mako guda. Ashe iska tsatsa take sa wa ƙarfe. Da muka zuba sinadarin, na kowa ya yi shuɗi, nawa kamar ruwan kwata.

Farfesa ya ce, "Wa ya koya miki haka?"

Na ce, "Kakata."

"To, ki gaishe ta. Ki kuma rufe kwalba."

Litinin zan sake gwajin. In na faɗi, sai baɗi. Kada Baba ya ji.

Ki aiko mini da ƙyalle daga tukunyarki ta rini. Shunin farcena ya fita tas, Kaka. In na dubi hannuna, kamar na wata.

Jikarki,
Shufen