Hannuwan Maryamu

Laraba, 10 ga Disamba, Panyu, ƙasar Sin

Yau kwana goma sha tara da rasuwar 'yata Rifkatu: Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, bayan zazzaɓin kwana uku. Shekararta tara.

Na koma aikina na duba kayan Kirsimeti a masana'antar ƙera mutum-mutumi. Da aka buɗe sito, sai ga Maryamu jere har bango, kowacce ta miƙa hannu biyu, babu komai a ciki. Na tambayi mai wurin ina jariran da ake ɗora musu a hannu. Ya ce da Sinanci, "Meiyo, laoban, wato babu, maigida. Kwalinsu dabam ne, bai iso ba."

Mu 'yan Lutheran muna girmama uwar Mai Ceto, amma ba ma roƙonta. Haka na koya wa Rifkatu: ba don ta cancanta aka zaɓi Maryamu ba, alheri ne zalla. Ta ce, "Baba, to in kyauta ce, ana karɓewa?" Na ce ta yi barci.

A layi na uku akwai wadda fenti ya ɗiga mata ƙarƙashin idon hagu, daidai inda Rifkatu take da tawadar Allah. Aikina ne in fitar da masu aibi irinta, amma na wuce ta. Da na waiwaya, duk fuskokin ni suke kallo, kuma na iske bakina yana motsi.

Ni ma ban cancanci yarinyar nan ba, saboda haka ban ga inda zan kai ƙara ba.

A nan aka ƙone gawarta; tokarta tana kan teburin nan. Ban kai ta gida Numan ba, ban kuma amsa mata tambayarta ba.