Gidanmu Sun Ɗauka Yunwa Nake Kwana da Ita a Da Nang

Malama Sakuraba, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin abin da ke damuna yana da wa'adi. Kada ki buga sunana. Noshiro ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa.

Mu biyu ne wurin iyayenmu, ni ne babba, sai ƙanwata, wadda zan kira Chinatsu a nan. Babanmu ya rasu ina ajin ƙarshe a sakandare, don haka da bashin ɗalibai na yi jami'a, irin mai kuɗin ruwa, Mama ce ta tsaya mini. Chinatsu ma ta ci nata bashin ta yi kwas, yanzu tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita ke zaune da Mama, ita ke kai ta asibiti, ita ke kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida kafin ta wuce aiki.

Ni kuwa da na gama, na yi ta fama da aikin wucin gadi a Sendai, har na samu koyar da Japananci a Da Nang ta ƙasar Vietnam, wurin matasan da ke shirin zuwa aiki ƙasarmu. Ranar da zan tafi, Kawu Genzo, wan Mama, ya ce a gaban kowa: "To, babban ɗa ya bar wa ƙanwarsa uwa da kabarin uba." Maganar nan ta bi ni har cikin jirgi.

Albashina idan aka mayar da shi kuɗinmu na yen, bai kai na mai jiran kanti a jiharmu ta Akita ba. Sai na nemi sassauci a hukumar bashin, na tura musu takardun albashina yadda suke, suka ɗage mini biya, kuɗin ruwa ma ya tsaya. Ban yi musu ƙarya ba. Amma ba su tambaye ni wa ke biyan haya ba, ni ma ban faɗa ba. Makarantar ce ta ba ni gida, ana hango teku daga baranda. A waje nake cin abinci kullum, akwai matar da ke zuwa share mini ɗaki, ina da babur, da safe in yi iyo kafin in shiga aji. Malama, ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar yanzu ba. Chinatsu kuwa ta nemi irin wannan sassaucin aka hana ta, wai albashinta ya ɗara ƙa'ida da kaɗan, saboda alawus ɗin kwanan aiki.

Da yake Mama ce ta tsaya mini, ita ma an sanar da ita, kuma a sanarwar an ce an yi mini rangwame ne saboda ƙuncin rayuwa. Ta kira ni tana kuka. "Ashe haka kake fama, ka yi shiru ba ka gaya wa kowa ba?" Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na rufe. Zan gaya miki dalili ko da zai zubar da ni a idonki: daɗi na ji. Tun da na bar gida ba wanda ya yi mini magana da tausayi sai ranar. Har Kawu Genzo aka ce ya ce yaron nan ashe yana da zuciya.

Daga nan aka fara aiko mini da kaya. Shinkafar garinmu, daddawarmu ta miso, har da kayan tsamin da Mama ke haɗawa da hannunta. Kuɗin aikowa kaɗai ya isa ya saya mini buhu a nan. Idan za mu yi waya ta bidiyo, sai in koma kicin in jingina da farin bango don kada su ga barandar. Mama ta ga kumatuna sun ciko, ta ce kumburi ne na rashin abincin kirki. Chinatsu ta yi dariya ta ce, "Yaya, kai ne talakan farko da na ga yana ƙiba." Ni ma na yi dariya.

Makon jiya maganar ta kuɓuce wa Mama. Ashe Chinatsu ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, abin da take mafarki tun tana ƙarama, za a fara a Afrilu. Amma ta ce ba za ta biya kuɗin rajista ba. Za ta riƙe ajiyarta, ko da bashina zai faɗo kan Mama. Na kira Chinatsu, ta ce, "Yaya, makaranta ba guduwa za ta yi ba. Kai dai ka riƙa cin abinci." Ita ma ban gaya mata gaskiya ba. Ƙarshen watan nan ake rufe rajista.

Tun ranar ban sake taɓa shinkafar nan ba. Shin cutar hukuma nake yi? In soke sassaucin? In tattara in dawo gida, alhali ina son aikin nan da ɗalibaina? Na yi tunanin in tura mata kuɗi in ce kyauta ce makaranta ta ba ni, ta tafi karatunta ba tare da kowa ya san komai ba. Me kika gani?

Ɗan Noshiro da ke bakin teku

*

Ɗana,

Matsala biyu ka haɗa a ƙunshi ɗaya, kuma ƙaramar ce ka sa a gaba.

Ta hukuma mai sauƙi ce. An yi sassaucin ne domin masu ƙaramin albashi, naka kuma ƙarami ne, ba laifinka ba ne da kifi ya yi araha a inda kake. Abin da ya rage shi ne gidan. Ka rubuta musu, ka ce makaranta ce ke biya maka haya, ka tambaya ko ana lissafa shi cikin abin da kake samu. In sun ce ba ruwansu, ka adana amsar. In sun ce ana lissafawa, ka biya abin da ya hau kanka. Ka kuma tuna ɗagewa ba yafewa ba ce: uwar kuɗin tana nan tana jiranka. Tunda kana da halin ɗaukar mai shara, kana da halin ware wani abu duk wata domin ranar da biya zai dawo.

Ba na ganin laifinka don ka tafi, ba na kuma ganin laifinka don ka ji daɗi. Kawunka ya yi maka mugun baki, kuma wanda aka daɗe ana zargi, in aka miƙo masa tausayi da wuya ya ce a mayar. Ita ma Chinatsu tana da nata: ta yanke hukunci a kan rayuwarta ba ta tambaye ka ko kana bukata ba. Amma kai ka ba ta dalilin. Shirun ranar farko rauni ne. Zama a kicin kuwa shiri ne, ka sani.

Maganar kyautar makaranta, cire ta daga ranka. Yarinyar da ta ɗauka yayanta yana kwana da yunwa ba za ta taɓa kuɗinsa ba, za ta haɗa da nata ta ajiye maka. Gaskiya ce kaɗai za ta kai ta makarantar nan.

Ka kira ta cikin makon nan, ita kaɗai, ranar da ba ta aiki, kafin ka kira Mama. Ka gaya mata nawa kake samu, nawa kake kashewa, yadda sassaucin yake, da cewa muddin kana sabunta shi a kan lokaci ba abin da zai faɗo kan uwarku. Kada ka cika ta da kuka har ta koma ita ke rarrashinka. Ta yi rarrashi ya isa. Za ta yi fushi, wataƙila ta kashe wayar. Ka bar ta. Washegari ka tura mata kuɗin rajista, ko iya abin da za ka iya, da sunansa na gaskiya.

Kada kuma ka tattaro ka dawo don huce kunya. In ka dawo ba aiki, ka ƙara mata baki na uku da za ta ciyar. Abin da ya fi, ka ɗauki wani nauyi na gida ka ce naka ne: man ɗumama ɗaki, ko kuɗin wanda zai riƙa kai Mama asibiti idan karatu ya kankama. Duk wata, ba sai an tuna maka ba. Mama kuwa za ta ji kunyar maƙwabtan da ta ba labarin wahalarka, amma ban taɓa ganin uwar da ta daɗe tana fushi don an ce mata ɗanta yana ƙoshi ba.

Shekaru ƙanwarka tana riƙe da gida, ba wanda ya taɓa ce mata, je ki yi naki, na tsaya. Kai ne babba. Ka faɗa mata kafin wata ya ƙare.

Ina yi maka fatan ƙarfin zuciya, ita kuma ina yi mata fatan sa'a a karatunta.

Sakuraba Fumie