Farin Tsakiyar Tuta

Zuwa ga 'yata Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah na lulluɓe da ke, ubanki ne, telan nan da ya tsaya a aji biyu na elemantare. In kin ga harafi ya karkace, haka ɗinkina ma yake.

Jiya hedimasta ya aiko mini da tutar makarantarku ta Kibiya, wai ta koɗe, in ɗinka sabuwa. Ga ta nan a kan keken ɗinki, na kasa taɓa ta.

Kin tuna ƙarshen daminar da aka ba mu mulkin kai? Aka aiko koren yadi daga Kano don in ɗinka tutar nan, direba ya manta da farin, ga shi saura kwana uku a sauke tutar Turawa. Ni kuwa sarkin dabara, na buɗe adakar kakarki Inna, na yanki kamu biyu daga likkafanin da ta tanadar wa kanta. Na ce ai tsohuwar gajeriya ce, ba za ta lura ba.

Ta lura. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Likkafanin da aka sa wa almakashi ba ya daɗewa a adaka."

Ke kuma kina ta bitar taken ƙasa, kina shara kina yi, kina tankaɗe kina yi. An ce wata Baturiya ce ta rubuta mana shi. Na ce to, sun tafi sun bar mana bakinsu. Ranar ɗaga tuta kina sahun gaba, ni ina can baya ina motsa baki kamar akuya na tuƙa. Kowa na kallon kore, ni ina kallon tsakiya.

Kafin a shigo da dawa, ƙyanda ta ɗauke ki. Ragowar yadin da ya yi wa Inna kaɗan, ke ya yi miki cif.

Liman ya ce ajali ba ruwansa da almakashi. Na sani. Amma kullum da safe iska na kawo muryar yara suna rera taken har tsakar gidanmu, kuma akwai gaɓar da kike jan numfashi. Har yau a nan nake jin ki.

Ummina, gobe zan farke ɗinkin. Koren na hedimasta ne. Farin zan kai in binne kusa da ke, ya tarar da ɗan'uwansa.

Na sayo farin sabuwar a kasuwar Rano. Sai da na tambayi mai yadin ko an taɓa ajiye shi don wani. Ya yi ta dariya, ya ɗauka wasa nake, kamar kullum.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe wa mai almakashi.

Naki,
Baba